Wuta Marar Hayaƙi: Awo da Hattara Wajen Gashi da Ultrason

Lacca ga ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukumar Garagumsa, a garin Takeita

 

Shugabannin wannan zama, majo-majo na asibitocin karkara, iyayenmu ungozomomi, ƴan'uwana ma'aikata maza da mata, ina gaishe ku. Na san waɗansunku tun asuba suka hau babur, suka bar layin marasa lafiya a hannun mutum ɗaya. Allah ya saka da alheri.

Ni kine ne, abin da ƴan'uwanmu na Kano suke kira likitan gashi. Wani zai ce, me ya kawo zancen ultrason Garagumsa, inda zazzaɓin sauro da tamowa suka ishe mu? Ai ku kuke rubuta takardar da mara lafiya zai riƙe ya yi tafiyar kilomita wajen 50 zuwa Damagaram, kuma wurinku yake dawowa in wani abu ya ɓaci. Ban da wannan, garin nan a bakin mararraba yake. Ga hanyar Maraɗi, ga ta Damagaram, ga wadda ta yi kudu zuwa Matamaye da iyaka. Abin da ya sauka kasuwar Kano ba ya daɗewa bai iso nan ba. Yanzu ana ƙera ƙananan injinan ultrason masu araha, waɗanda ba su fi tocila girma ba. Na taɓa ganin ɗaya a hannun wani mai sayar da magani, yana gasa wa mutane gwiwa da baya, takardar bayanin da ta zo da injin kuwa ko buɗe ta bai yi ba, domin ba ya jin harshen da aka rubuta ta.

Bari mu fara raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Ekografi da ake yi wa mai ciki, da ultrason na gashi, danginsu ɗaya, amma aikinsu daban. Dukansu sauti ne mai saurin kaɗawa da kunnen ɗan'adam ba ya kamawa, domin kunnenmu yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Na ekografi leƙe yake yi: ya aika sauti, ya saurari amsa-kuwwa, ya zana hoto. Na gashi ba ya sauraron komai. Ƙarfi yake zubawa cikin nama, naman ya sha, ya koma zafi. Saboda haka idan mace ta ce muku, "Ai an sha ɗora mini irinsa a ciki, ba abin da ya faru," ku gane ekografi take nufi, kuma wannan ba hujja ba ce.

Tun ranar da aka haifi wannan fasaha aka san tana da haƙora. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna ba da lantarki in an matse su. Daga baya aka tabbatar in an ba su lantarki su ma suna motsi. Irin wannan abu ne a cikin kan injinmu. A 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, Paul Langevin yana gwaji a tashar jiragen ruwa ta Tulon a Faransa, yana neman hanyar gano jiragen ƙarƙashin teku da sauti. Sai aka ga ƙananan kifaye da suka ratsa hanyar sautin suna mutuwa, wanda ya tsoma hannu kuma ya ji raɗaɗi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 Raimar Pohlman ya fara yi wa masu ciwon jijiyar ƙafa magani da shi a Balin. Wato an san yana kisa da shekara ashirin kafin a san yana magani.

To, mene ne awon maganin? In kuka ba yaro farasitamol, kun san miligiram nawa, sau nawa a rana. A ultrason awon ba lamba ɗaya ba ne, lambobi ne da suke cuɗanya da juna, kuma wanda ya san ɗaya ya manta saura shi ne mai ƙona mutane.

Akwai maɓallin zurfi. Yawancin injinan suna da megahaz 1 da megahaz 3, wato kaɗawa miliyan 1 ko miliyan 3 a daƙiƙa. Megahaz 1 yana nutsawa zuwa santimita 3 har 5, shi ya dace da cinya, ɗuwawu, da can cikin kafaɗa. Megahaz 3 yana zube kayansa a santimita 1 zuwa 2 da rabi, shi ne na gwiwar hannu, wuyan hannu, idon sawu. A nan ɗalibai suke faɗawa rami. Suna zaton wanda ba ya nisa shi ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙarfin da megahaz 1 zai rarraba a doguwar hanya, megahaz 3 a bakin ƙofa yake jibge shi gaba ɗaya.

Wani malami a Amurka, David Draper na jami'ar Brigham Young, ya soka siririn ma'aunin zafi a cikin tsokar sha-raɓar mutane masu lafiya, ya buga sakamakon a 1995. Abin da ya samu ya kamata kowane kine ya haddace shi kamar lambar wayarsa. Da wat 1 a kowace murabba'in santimita, megahaz 1 yana ƙara kusan digiri 0.2 a minti, megahaz 3 kuwa kusan 0.6. Da wat 1.5, na farko 0.3, na biyu 0.9. Ninki uku ke nan. Ku yi lissafin da ni. Kafaɗa ta sandare, kana son ɗaga zafin wurin da digiri 3 zuwa 4 domin nama ya yi laushi a miƙe shi. Ka sa megahaz 1, wat 1.5, minti 10, ka samu digiri 3. Madalla. Yanzu a ce wanda ya riga ka ya bar injin a megahaz 3, kai kuma ba ka duba ba. Wat ɗin bai canja ba, mintin bai canja ba, amma a lissafi digiri 9 ka zuba. Jini yana kwashe wani abu, gaskiya ne, sai dai ka kai wurin bakin digiri 45, inda nama yake fara lalacewa. Maɓalli ɗaya tak.

Ƙa'idar duniya ta masu ƙera injinan ta ce kada ƙarfi ya wuce wat 3 a murabba'in santimita. Wannan silin ɗaki ne, ba wurin zama ba. A tsawon aikina ban ga ciwon da ya bukaci wat 3 ba. Yawancin aiki tsakanin 0.1 ne da 1.5.

Sai maɓallin da ke sa sautin ya riƙa zuba ba tsayawa, ko ya riƙa zuwa tsinke-tsinke. In an sa shi 1 bisa 4, yana aiki kashi ɗaya ya huta kashi huɗu, don haka zafi ba ya taruwa. Sabon rauni, wanda ke da kumburi da ɗumi tun kafin ka taɓa shi, ba ya bukatar ƙarin wuta. Tim Watson na jami'ar Hertfordshire a Ingila, wanda kine da yawa suke aiki da tsarinsa, yana ba sabon rauni wat 0.1 zuwa 0.3 tsinke-tsinke, tsohon ciwo kuma 0.3 zuwa 0.8. Lokacin ma yana da lissafi mai sauƙi: minti ɗaya na sauti ga kowane fili mai faɗin kan injin. A ce ɗan kokawa ya gurɗe a idon sawu, wurin ciwon ya ɗauki kan injin sau 2, ka sa 1 bisa 4, wato kashi 5 ke nan. Ɗaya sau 2 sau 5, minti 10. Ba a zaɓar minti don agogon injin ya saba tsayawa a 5.

Faɗin wurin ma awo ne. Lambobin Draper a kan fili ninki biyu na kan injin aka same su. Wanda ya ɗauki kai mai faɗin santimita 5 murabba'i yana yawo da shi tun daga wuya har ƙugu, bai yi gashi ba, shafa jel kawai ya yi, kuma an biya shi.

Duk wannan lissafi ne, ana samunsa a littafi. Abin da ya sa na yarda na zo Takeita ba ya cikin littattafan da muka karanta, domin ba don mutanenmu aka rubuta su ba.

Injin ultrason ba shi da ma'aunin da ke gaya maka zafin da ke cikin naman. Lambar da kake gani a fuskarsa abin da ya ce ya fitar ne, ba abin da jiki ya karɓa ba. Ba hayaƙi, ba ƙara, sau da yawa fatar ma ba ta yin ja, domin wutar a ƙasa take ci. Ma'auni ɗaya ne a ɗakin: bakin mara lafiya. Hausawa suka ce jiki magayi. Littattafan Turai sun gina dukkan tsaron wannan magani a kan zaton cewa in ya yi zafi mutum zai faɗa. To, mutuminmu ba zai faɗa ba.

Ku dubi inda ya fito. An yi masa ƙaho, an yi masa sakiya da ƙarfe ja-wur, maɗori ya ja masa ƙafa maza huɗu suna danne da shi bai yi ƙara ba. Matarsa ta yi wankan jego da tafasasshen ruwa kwana arba'in. Tun yana yaro aka koya masa maganin da ba ya ɗaci ba magani ba ne, gashin da ba ya zafi wasa ne, kuma namiji ba ya raki. Sannan ga kunyar likita. Wannan mutumin ne za ka kwantar ka ce masa, "In ka ji zafi ka gaya mini."

A shekarata ta farko da fara aiki, a wani asibiti da ba sai na ambata ba, an kawo mini wani dattijo manomi, gwiwarsa ta daɗe tana damunsa. Siriri ne, ƙashin ƙaurinsa fata ce kawai ta rufe shi. Na shafa jel, na kunna, ina zagayawa ta gefen ciki, daidai inda ƙashi yake kusa. Wajen minti na huɗu na ce, "Baba, da zafi?" Ya ce, "Babu komai, ɗana, yi aikinka." Na ci gaba. Sai idona ya kai ga ƙafarsa. Yatsun duk sun lanƙwashe sun kama tabarmar roba, carbin da ke hannunsa ya tsaya cak, zufa tana bin bayan kunnensa alhali sanyin Janairu ake yi. Na ɗaga kan injin na duba: megahaz 3, wat 1.5, ba tsinkewa. Haka na same shi, haka na yi aiki da shi. Na ce, "Baba, don me ba ka faɗa ba?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai na ɗauka maganin ne yake shiga." Washegari ɗansa ya gaya mini bai runtsa ba, ƙashin yana masa zugi har asuba. Allah ya rufa asiri abin bai wuce haka ba. Laifin nawa ne sau biyu: ban duba maɓalli ba, kuma na yi tambayar da amsarta a al'adarmu ɗaya ce.

Wannan zugin yana da dalili. Ƙashi yana shan sauti fiye da tsoka nesa ba kusa ba, yana kuma mayar da wani kaso baya, sai zafi ya taru a tantanin da ya lulluɓe ƙashin, wanda yake cike da jijiyoyin jin ciwo. Duk wanda ya ce yana jin wani ciwo mai nauyi can ciki, kamar ana murɗa ƙashi, a tsaya nan take. Ba maganin ne yake shiga ba.

Tun daga ranar na daina tambayar "da zafi?" Kafin in kunna nakan ce, "Baba, wannan injin dabam yake da sakiya. Ɗumi kaɗan yake so, kamar ruwan alwala da safe. In ya wuce haka maganin ya lalace, kuɗin motarka ya tafi banza, sai mun sake. Ka taimake ni, ka gaya mini kafin ya lalace." Kun ga na cire maganar daga jarumta na mayar da ita taimako. Ga mata nakan ce, "Inna, ɗumi ne, ko ya fara cizo?" domin ta samu zaɓi biyu, ba a'a kaɗai ba. Sannan ina kallon yatsun ƙafa da goshi fiye da yadda nake kallon agogo.

Wani kuma ba dauriya ce ta hana shi faɗa ba, ba ya ji ne. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka mutu, wanda kuturta ta taɓa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, da yaron da allura ta sami jijiyar ɗuwawunsa ƙafar ta saki. Wannan na ƙarshe kun fi ni ganinsa. Gwajin ba ya cin ko dala: kwalabe biyu, ɗaya ruwan ɗumi, ɗaya ruwan sanyi, mutum ya rufe ido, ka taɓa wurin ka ce wanne ne. In ya kasa bambancewa, babu gashi mai zafi a wurin, ko da likitan da ya fi kowa girma ne ya rubuta. Haka wanda aka ɗora wa ƙanƙara yanzu-yanzu, ko aka shafe shi da man zafi: an rufe bakin magayin. Ƙaramin yaro da wanda hankalinsa ya gushe su ma ba za su iya ba ka labari ba.

Game da hannu, ku tuna dutsen guga na gawayi. Mai guga ba ya tsayar da shi a kan shadda don ya amsa sallama. Sautin da ke fita daga kan injin ba shimfiɗe yake daidai ba, yana da wuraren da ƙarfi ya taru, kamar gindin tukunya inda tuwo yake yin ƙanzo. A jikin kowane kai akan rubuta wannan rashin daidaito da lamba, misali 5:1 ko 6:1. Ƙa'ida ba ta yarda ya wuce 8:1 ba. Ma'anar 6:1 ita ce, ka sa wat 1.5, amma akwai ɗigon da yake karɓar wat 9. Motsi ne kaɗai yake raba wannan. A riƙa zagayawa a hankali, kamar santimita 3 ko 4 a daƙiƙa, kowane zagaye yana hawa rabin na baya. A farkon shekarun 1970 Mary Dyson ta asibitin Guy's a Landan ta nuna cewa sautin da aka tsayar wuri ɗaya yana iya sa ƙwayoyin jini su tsaya jere-jere a cikin ƙananan jijiyoyin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Saboda haka ko a tsinke-tsinke ba a tsayawa. Kuma ba a miƙa wa mara lafiya kan injin a ce ya riƙe, a fita amsa waya. Na ga ana yi.

Iska bango ce ga wannan sauti, kusan dukkansa take mayarwa. Shi ya sa ake shafa jel, kuma kan injin ya kwanta sosai a fata kafin a kunna. In ya yi aiki a iska, kansa yake gasawa, ya lalace, ko ya ƙona fatar da za a ɗora shi a kai. In jel ya ƙare, kada a ɗauko man kaɗanya da aka buga ko wani kirim na kanti, domin abin da aka buga cike yake da ƴan ƙananan kumfa. Ga yatsu da idon sawu, a sa ruwa mai tsabta a robar wanka, ba kwanon ƙarfe ba, a tsoma gaɓar, a riƙe kan injin kamar santimita 1 daga fata, a share kumfar da ta maƙale. A goge kan da alkol mai kashi 70 bayan kowane mutum. Wani bincike a Ostireliya a 2006 ya sami ƙwayoyin cuta a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kawunan injin da kwalaben jel da aka duba. Can ke nan, inda ruwan famfo ba ya ɗaukewa.

Yanzu ga inda aikinku ya fi nawa muhimmanci, wato waɗanda bai kamata a ɗora musu injin ba sam. Jerin da ke littafi kowa ya san shi: ido, ƴaƴan maraina, gaban wuya, kusa da injin bugun zuciya, wurin da ke zubar jini, wurin da aka gasa da hasken maganin daji a watannin baya, laka da aka cire wa ƙashi a tiyata, da gaɓar roba da aka liƙa da siminti. Ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi bai hana ba, muddin hannu yana motsi. Amma mu a nan masu injin zuciya nawa muke gani a shekara? Namu haɗarin yana zuwa ne sanye da rigar ciwon baya da ciwon ƙafa.

Mace mai shekara ashirin da biyar ta zo da ciwon ƙugu. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace tana haihuwa 7.6 a tsakaice, duk macen da ke shekarun haihuwa a ɗauka tana da ciki har sai an tabbatar babu. Ba a ɗora ultrason na gashi a mara, ko ƙugu, ko ƙasan baya na mai ciki, domin zafi yana cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko. Watannin farkon nan kuwa su ne ba ta faɗa. In na fari ne, ko uwarta ba ta gaya wa ba, balle wani namiji baƙo a Damagaram, ga mijinta tsaye. Iyayena ungozomomi, ku za ta gaya wa. Ku ja ta gefe ku ce, "Ƴata, kin yi ɓatan wata?" Ku rubuta amsar a takarda.

Namiji ya zo da ciwon baya na wata uku, ya rame, yana zufa da dare, ciwon ba ya barinsa ko yana kwance, in ka ƙwanƙwasa wani ƙashin baya ɗaya sai ya zabura, wataƙila har ɗan ƙusumbi ya fara fitowa. Wannan tarin fuka ne na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana tun 1779, har sai an nuna ba shi ba ne. Ultrason a kan wurin da ƙwayar cuta take ci haramun ne a aikinmu, kuma babbar ɓarnar ma ita ce makonnin da za a ɓata ana gashi, har ƙafafu su mutu. Haka yaro mai sikila da ƙashinsa ya kumbura yana zazzaɓi: ƙashin na iya zama ya yi ruwa. Haka kumburin da ba a san asalinsa ba, a mama, a wuya, a cinya. Ba a gasa ƙullutun da ba a san sunansa ba, domin in daji ne, zafi da ƙarin jini ba alheri za su yi masa ba.

Sai mai jego da sha-raɓarta ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo. Dangi za su ce sanyi ne, a gasa. Yana iya zama gudan jini ne a jijiya. In aka gasa ko aka murza ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma mace tana iya cikawa kafin a samo mota. Wannan ba ta kine ba ce, ta gaggawa ce.

Yara kuma, ƙashinsu yana tsiro ne ta bakin gaɓoɓi, a gwiwa, a wuyan hannu, a idon sawu, har wajen shekara 16 zuwa 18. Ni ba na ɗora zafi a nan. Wanda ya fito daga hannun maɗori shi ma a yi masa radiyo tukuna. Ultrason a kan karayar da ba ta haɗe ba yana iya ba da ciwo mai tsanani, kuma ba shi take bukata ba.

Ko da kine ya yi komai daidai, saura injin kansa. A Sukotlan, a 1994, Pye da Milford sun auna injina 85 da ake aiki da su, suka tarar kashi 69 cikin 100 suna fitar da ƙarfin da ya kauce wa lambar fuskarsu da fiye da kashi 30. A Amurka, a 2002, an auna 83, aka sami 32 a wajen ƙa'ida. Waɗannan ƙasashe ne masu injiniyoyin asibiti. Ku kwatanta da injin da ya zo mana kyauta bayan ya tsufa a wani wuri, ya sha ƙurar hunturu, ya sha zafin Afrilu, kuran yana hawa yana sauka, gurup yana karɓa, kansa ya faɗi ƙasa sau uku ba wanda ya faɗa. Ɗiga ruwa a kan injin a ga yana rawa yana nuna yana da rai, ba ya nuna ƙarfinsa. Wannan sai da ma'auni na musamman, aƙalla sau ɗaya a shekara. Inda ba a auna ba, ra'ayina shi ne a fara ƙasa da abin da littafi ya ce, a bar bakin mara lafiya ya yi jagora.

Wani zai tambaya, duk wannan wahala, maganin yana aiki kuwa? Zan faɗi gaskiya ko da abokan sana'ata ba za su ji daɗi ba. A 2001 Robertson da Baker sun tattara gwaje-gwaje 35, suka ga 10 ne kawai aka yi da kyau. A cikin goman, 8 ba su nuna bambanci tsakanin injin da aka kunna da wanda aka kashe ba. Biyun da suka nuna amfani, ɗaya a kan matsewar jijiyar wuyan hannu ne, ɗaya a kan alli da ke taruwa a jijiyar kafaɗa, dukansu daga Biyana ta ƙasar Ostiriya. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a ba masu ciwon ƙasan baya ultrason. Ko gurɗewar idon sawun da na yi muku lissafi da ita ɗazu, binciken da aka tattara bai nuna wani amfani a zo a gani ba. Ɗauri mai kyau da motsa gaɓa da wuri sun fi. Ni ina amfani da shi a ƴan wurare kaɗan, galibi don ɗumama gaɓar da ta sandare, in miƙe ta nan take, domin ɗumin ba ya wuce ƴan mintoci. Miƙewar ce maganin. Mutanenmu kuwa injin suke so, yana da fitila, yana ƙyalli, in ka koya wa mutum motsa jiki sai ya ga kamar ka raina shi. Na san wannan matsi, ni ma yakan rinjaye ni. Amma manomin da ya sayar da tiya goma ta gero don kuɗin mota, in ya zo sau 5 ko 6 ba canji, hakkinsa ne a tsaya a sake duba shi, ba a ƙara masa zuwa goma ba.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Takardar da za ku ba wanda kuka tura mana, kada ta tsaya a "ciwon baya, a yi kine." Ku ƙara layi uku: ko akwai ciki, ko akwai zazzaɓi da rama, ko wurin yana jin ɗumi da sanyi. In ya dawo ya ce an gasa shi ya ji zugi a ƙashi, ko kuka ga bororo a fata, ku rubuto mana, kada ku rufa mana asiri. In kuma kuka ji wani a unguwa ya sayo injin yana gasa mutane, ku je ku same shi da mutunci, ku tambaye shi megahaz nawa yake sawa. In bai san amsar ba, ku sanar da likitan gunduma.